Shaida a kan Baba, makaɗin da ba ya kama suna

An haifi Baba a tsohon garin Maraɗi, can ƙasa a bakin gulbi, 'yan shekaru kafin ambaliyar 1945 da ta sa aka tashi gari aka hau da shi tudu. Wan mahaifina ne, a bayansa na yi amshi har ƙarfinsa ya ƙare. Ba zan kama sunansa ba. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana gaya wa manya magana a tsakiyar dandali bai taɓa kama sunan kowa ba, bai kamata a fara da nasa ba yanzu da ƙasa ta rufe masa ido. Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne samarin da ke zuwa gidanmu suna cewa suna son yin waƙar faɗakarwa, da wayarsu a hannu da kiɗan da na'ura ta haɗa musu, amma ba wanda ya nuna musu yadda ake ɗora magana a kan kiɗa ta tashi ta shiga gari.

Gidanmu gidan kalangu ne, rundawa muke yi wa kiɗa tun kakanni. Wanda bai san ƙasar nan ba zai ɗauka ganga ganga ce. A Maraɗi kowane kiɗa da masu shi. Tambari da kakaki da algaita na fada ne, na Sarkin Katsina a nan, na Sarkin Gobir a Tsibiri. Dundufa ta maƙera ce. Gangar noma ta manoma, goge da garaya na 'yan bori da mutanen Iya, uwar bori ta fada, ƙwarya da shantu na mata a cikin gida. Darasin farko da Baba ke ba duk yaron da aka kawo masa ke nan: kafin ka san me za ka ce, san wa ke da kunnen da gangarka ke kira. In ka kai maganar gona da algaita, manomi zai tsaya ya yi kallo kamar yadda yake kallon hawan salla, ya koma gida bai ɗauka da shi ake ba.

Yana da shekara bakwai aka ɗaura masa kuntuku a ƙugu. Shekara biyu bai yi komai ba sai riƙe wa manya lokaci, bugu iri ɗaya daga hantsi har la'asar. Sannan ɗan karɓi, sannan babban kalangu. Kuma ba a ba shi babban ba sai da ya rufe nasa da hannunsa.

Ga yadda yake rufe shi, haka kuma muke yi har yau. Kango, wato icen da aka fafe mai siririn ƙugu, tsawonsa kamar kamu guda, na alilliba ya fi so saboda ba shi da nauyi kuma ba ya saurin tsagewa. Sai icen ya shekara a inuwa kafin masassaƙi ya taɓa shi. In aka fafe ɗanye, bakin zai murɗe yana bushewa, fata ba za ta zauna daidai ba, kalangun ya riƙa shaƙewa kamar mai mura. Samfara, fatar da ke rufe baki biyun, ta ɗan akuya ƙarami ce ko ta tayi, mai sirantaka. Ba a jeme ta da bagaruwa, jemammiyar fata ta jaka ce da takalmi, ba ta magana. A jiƙa ta kwana guda, a shafe ta da toka a cire gashin, a kankare da wuƙa maras kaifi sosai don kada a huda, a ɗinka ta jikin kambu tana da sauran danshi. Tsarkiya ta murɗaɗɗiyar fata ce, a zarga ta daga wannan baki zuwa wancan, tazarar yatsa guda tsakanin kowace da 'yar uwarta. A nan masu koyo ke faɗuwa: su ja gefe ɗaya ya fi wani, sai in an matse a hammata murya ta hau a karkace. A bar shi kwana uku a inuwa. Wanda ya yi gaggawa ya kai rana, ranar biki samfara za ta fashe masa a gaban jama'a. Da damina fata takan saki, sai a nuna ta ga garwashi daga nesa, tafin hannu na shafawa, in hannu bai iya jure zafin ba fata ma ba za ta jure ba. Da hunturu kuma bushewa ce matsalar, ɗigon man gyaɗa a kan yatsa ya isa baki guda. In ya yi yawa muryar ta mutu, babu gyara sai sabuwar samfara.

Maganar gyaran gari a gona ya koye ta. Dangin mahaifiyarsa makaɗan noma ne a wani ƙauye wajen Madarunfa, duk damina can ake tura shi. Gayya a lokacin ba ta masu hali kaɗai ba ce. In mutum ya kwanta ciwo a tsakiyar noman farko, ko mace ta shiga takaba da ƙananan yara, sarkin noma yakan aika goro ga samari, a sa rana. Makaɗi ne ke tashin gari tun asuba da taken noma, ya tsaya a ƙofar duk wanda aka san ya ci goron. A gona samari talatin ko arba'in su jeru, kowa da kuyyarsa, ganguna biyu a bayansu. Gwanintar a nan ita ce kiɗa ya bi hauya. In ka yi sauri da safe, kafin fura ta iso rabin layi ya zube, kuma za su bar ciyawa a baya don kada a wuce su. Sai a fara a hankali, a ɗaga kaɗan in rana ta ɗaga, a ajiye zuga da kirari sai wajen azahar lokacin da gwiwa ta fara sanyi. Wanda kuwa ya ci goro bai zo ba, ba a zaginsa. Ana yi wa kuyyar da aka bar masa waƙa, a ce ga kuyya ta yi kwalliya tana jiran ango. Kowa ya san angon. Gayya ta gaba shi ke riga kowa zuwa.

Baba yakan ce duk abin da ya yi daga baya a dandalin birni, wannan kuyyar ce ya ɗauko.

Da soja suka karɓi mulkin Nijar a watan Afrilun 1974, aka farfaɗo da samariya, kowace unguwa da tata, Bagalam, Mokoyo, Limanci, Sabon Gari da sauransu. Aikin gayya ya shigo birni: sharar gari, kafa rumfunan lakwal na zana kafin yara su koma karatu, dashen itace ranar 3 ga Agusta. Duk da kiɗa ake yi, makaɗa sun samu aiki. Gaskiyar da ba a son faɗi ita ce samariya hannun gwamnati ce, abin da sama ke so shi ake rerawa, kuma zamanin ba na wasa da baki ba ne. A nan Baba ya gano lissafin da ya riƙe har tsufansa. In waƙa na da 'ya'ya goma, takwas na yabo ne da godiya, ɗaya kirarin samarin da suka yi aikin, ɗaya kuma maganar da ya zo da ita. Ba ya sa ta a farko, don ba a riga an saki jiki ba. Ba ya sa ta a ƙarshe, don da ita za a tashi, a kwana ana juya ta. Wajen ɗa na bakwai yake sa ta, bayan babban baƙo ya riga ya miƙe ya yi liƙi a gaban jama'a. Wanda ya liƙa maka kuɗi a goshi yanzu-yanzu ba zai iya ɓata rai ba sai ya yarda da shi ake. Da an wuce wurin, sanƙira ya ɗaga murya da kirarin baƙon, a rufe da yabo. An faɗa, an ji, ba wanda aka kama.

Abin da ke kare maroƙi shi ne abin da ake raina shi da shi. Ba a ba shi 'ya da sauƙi, ba a zama da shi a shawarar manya, saboda haka babba ya tanka masa zubar da girma ne. Kamar wasan da ke tsakanin Bagobiri da Bazabarme, ko Bafillace da Babarbare: bakin da al'ada ta buɗe, ba a kai shi ƙara. Amma kariyar tana da iyaka, iyakar ita ce suna. Habaici riga ce da aka rataye a kasuwa, wanda ta yi wa daidai shi ya sani. Zambo kuwa, in ka siffanta mutum har makaho ya gane shi, ko ka kira unguwarsa da sunan ubansa, ka raba dandali biyu. Danginsa da surukansa da masu cin arzikinsa dole su tsaya masa ko sun san bai da gaskiya. Magana ta tashi daga kan laifin ta koma kan rashin kunyar maroƙi. Mun ga makaɗan da suka yi haka, an yi musu tafi dare guda, aka daina kiransu biki shekara guda.

Waƙarsa da ta fi nisa a yunwar El-Buhari ya yi ta. Damina ta 1984 ba ta yi ba, Najeriya kuma ta rufe iyaka tun watan Afrilun shekarar, ba a buɗe ba sai 1986. Garin da ke numfashi ta Ɗan Isa da Jibiya, aka toshe masa hanci. Mutanen arewa, na wajen Dakoro da Mayahi, suka gangaro da abin da ya rage musu na dabbobi, rundawa na saye da arha suna yanka suna shanyawa, mu kuwa a mahauta muke wuni, komai a kunnenmu. Ana rabon hatsin taimako, ana kuma gunaguni cewa abin da ke isa hannu bai kai abin da aka faɗa ba.

Yadda ya gina waƙar nan shi nake so samari su riƙe. Na farko, bai rera abin da ya ji a baki ɗaya ba. Ƙa'idarsa sai ya ji kukan daga gidaje uku da ba su haɗa dangi ba, a wurare uku: mahauta, tasha, bakin rijiya. Kukan gida ɗaya yana iya zama gaba ce tsakanin mutum biyu ake son a ara bakinka. Na biyu, gindin waƙa, wato amshin da za a riƙa komawa kansa. Sati biyu ya yi yana tauna shi. Ba ya wuce numfashi guda, kalma biyar zuwa takwas, kuma sai da abin da ido ke gani a ciki. Abin da ya fito da shi: tiya ta rame, mai awo ya yi ƙiba. Babu hukuma a ciki, babu ofis, babu mutum. Tiya ce kawai, ƙwaryar awon da kowace mace ta sani, da mai awon da kowane ƙauye ke da nasa.

Na uku, ya ba kalangu ya faɗa kafin baki ya faɗa. Hausa tana da hawa da sauka, kalangu kuma da matsi da saki yake bin su. In karin waƙa ya ja kalma sama inda harshe ke saukar da ita, ma'ana ta kauce. Misalin da yake ba mu kullum shi ne kuka. Ta miya, itaciyar, matsi ne sannan saki. Na hawaye matsi ne duka biyu. Wani ya taɓa yin waƙar hana sare itace ya ja wa kukar wuya sama don karin ya yi daɗi, yara suka mayar da ita abin dariya. Saboda haka Baba yakan kaɗa gindin ba murya, ya kira ɗaya daga cikinmu ya ce, "Kai ɗan nan, me ya ce?" In ba mu kama ba har sau uku, ya sake kalmomin, ba ya sake karin.

Na huɗu 'ya'yan waƙa, su ne masu sauƙi, jagora na iya ƙara su ko rage su gwargwadon wurin. Na biyar gwaji. Bai kai ta dandali ba. A wani ƙaramin suna cikin unguwa ya saka ta tsakanin waƙoƙin da aka saba, sau biyu kawai, ya wuce. Sannan ya jira sati guda yana bin lungu da hantsi lokacin daka, da yamma lokacin da 'yan talla ke komawa gida. In ya ji amshin a bakin turmi ko a bakin yarinya mai tallar ƙosai, waƙa ta kama. In bai ji ba, ya yar da ita ko ya sha wuya a kanta. Na san waƙoƙinsa da suka mutu a wannan matakin sun fi waɗanda suka rayu yawa. Ta tiya kuwa kwana huɗu ta yi ta riga shi zuwa kasuwa. Bayan haka mata suka fara zuwa wurin rabo da tasu tiyar ta gida, su sake awo a gaban mai awo suna rera amshin ƙasa-ƙasa.

Mu 'yan amshi huɗu ne a bayansa, masu kalangu biyu, mai kuntuku ɗaya, sanƙira ɗaya. Ƙasa da uku amshi ba ya cika fili. Sama da biyar kalmomi na haɗewa, na baya ba ya jin abin da aka ce. Aikinmu a irin wannan waƙa ya bambanta da na waƙar yabo: a zagaye uku na farko mu ɗaga murya mu bayyana kowane harafi, daga na huɗu mu fara janyewa kaɗan-kaɗan, mu bar rami. Jama'a ba sa son rami a waƙa, da kansu za su cike shi. Ranar da ɗan amshi ya ji daɗin muryarsa ya ƙi janyewa, Baba yakan juyo ya kalle shi sau ɗaya, kuma a rabon dare zai ga bambanci.

Akwai inda yake ajiye gula. Bayan abin da ya faru a Toda a watan Oktoban 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka masu yawa, galibi mata da yara, ya kafa mana doka: ba a kaɗa take ko kirari ga taron da ya riga ya yi zafi, ko wa ya biya. Kiɗan da ke sa saurayi ya kama ƙahon sa ranar hawan ƙaho, shi ne zai sa ya ɗauki adda. Duk kaka bayan nan yakan yi waƙar burtali a kasuwannin ƙauye, kuma yana ƙirga 'ya'yanta kamar mai rabon gado. In uku sun taɓa manomin da ya cinye burtali da gona, uku za su taɓa makiyayin da ya saki shanu da dare kafin a kwashe damma. Jama'a suna ƙirgawa ko ba su ce ba. Ɗa guda ya yi yawa a gefe ɗaya, ka zama makaɗin wancan gefen.

Mata kuwa ba ya isa gare su kai tsaye, da yawa suna cikin kulle. Hanyarsa zabiyoyi ce da masu kiɗan ƙwarya, da ke shiga har ƙuryar ɗaki ranar biki da suna. Yakan aika wa wata tsohuwar zabiya goro da gindin waƙa, ita ta sa nata 'ya'yan. Bai taɓa gaya mata abin da za ta ce a kan auren dole ko tsadar kayan ɗaki ba, ya ce ta fi shi sanin inda ke ciwo. Da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara suka fara a jihar nan a 1991, masu zubi duk sati a akwati, mata da kansu suka mayar da waƙar daka ta zama ta tunin zubi da biyan bashi. Kiɗan ruwa ya ishe su: babbar ƙwarya ko roba cike da ruwa, ƙarama a kife a kai, a buga da ludayi ko kara. In ana son murya mai zurfi a ɗaga ƙaramar iska ta ƙara shiga, in ana son siririya a rage. Ba sisi aka kashe ba.

Sai zamanin furoje, wato ayyukan ƙungiyoyin raya ƙasa. Bayan taron ƙasa na 1991 baki ya buɗe, gidajen rediyo masu zaman kansu suka zo, kaset ya yi arha, ƙungiyoyi suka gano makaɗi na tara jama'a. Aikin ya zo da kuɗi, musamman bayan karyewar sefa a 1994 da biki ya ja baya. Amma yawancin waƙoƙin da aka yi a lokacin ba su kwana a gari ba, kuma dalilan a fili suke. Ana zuwa da takarda da aka rubuta da Faransanci aka juya ta Hausa, saƙo goma sha biyu a jere, a ce duk sai sun shiga. Gindin waƙa ya zama jimla mai numfashi uku da kalmomin ofis da ba mai faɗinsu a gida. A ɗora makaɗi a bayan mota da janareto da manyan lasifika, a shiga ƙauye da rana tsaka ranar da ba kasuwa, maza na gona. Ƙarar ta danne amshi, ba ramin da jama'a za su shiga, yara su bi mota, manya su leƙo ta kan danga. A yi ƙauye biyar a wuni, a rubuta an faɗakar. Mafi muni, kowa ya ga hula da rigar da aka raba wa makaɗan, ya san waƙar ta wanda ya biya ce. Wani jami'i ya taɓa hana mu kuɗin wuni biyu don Baba ya tsallake saƙo tara cikin sha biyu. Bai yi musu ba, ya ce mu naɗe kaya.

Ba duka ya ƙi ba. Lokacin da jita-jitar allurar shan inna ta ƙetaro daga Kano a 2003 da 2004, ya karɓi aikin da sharaɗi uku. Saƙo ɗaya. Kalmomi nasa. Kuma a fara ɗiga wa jikokinsa a ƙofar gida, a gaban maƙwabta, kafin ya buɗe baki. In za a shiga ƙauye, a riga aika goro ga mai gari da liman kwana biyu kafin nan, a tambaya ko an yi rasuwa, in an yi a ɗaga. A fara bayan isha'i, da fitila ɗaya, ba lasifika in taron bai wuce mutum ɗari biyu ba. A buɗe da taken garin da kirarin manomansu, kusan rabin sa'a, kafin a taɓo abin da aka zo da shi. Waƙar sassaben zamani ma haka ya yi ta, wannan dabarar barin tsiron kututture a gona da ta bazu a jihar Maraɗi tun wajen 1984. Bai ce a daina sara ba, don mai dafa tuwo ba ta da wani makamashi. Ya yi wa manomin da ya bar tsiro biyu ko uku a kowane kututture kirari irin na sarkin noma, ya bar sauran su ji kishi.

Wa'azi ma ya matsa. Bayan tarzomar addini da aka yi a Maraɗi a watan Nuwamban 2000, masu goge da garaya da yawa sun ɓoye kayansu ko sun bar gari. Baba bai yi jayayya da malamai ba. Ya cire duk wata batsa daga bakin sanƙira, ya buɗe da salati, kiran salla na tashi gula na sauka ko a tsakiyar ɗa ne.

A kan kuɗi, ga tsarinsa. Duk abin da aka samu a zube a tabarma a gaban kowa. A fara cire na samfara da tsarkiya da na mota. Sauran a kasa: jagora kashi biyu, kowane makaɗi da ɗan amshi kashi guda, yaron kuntuku rabi. In ɗan siyasa ya yi liƙi mai nauyi a tsakiyar waƙar gyara, ba a mayar masa, wannan cin fuska ne, amma ba a kuma saka sunansa a wannan waƙar. A gama ta, a yi masa tasa daban. Ranar da sunan mai takara ya shiga gindin waƙa, rabin masu rera ta sun yi shiru, na ɗaya jam'iyyar ke nan.

A 2005 ƙafa ta riga ta hana shi fita. Shekarar da aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi, aka rufe kasuwanni a watan Maris har gwamnati ta sassauta, sannan yunwa ta biyo baya, iyaye mata suka cika wuraren awon yara da goyo a baya. Wata jikarsa ta dawo daga irin wannan layi ta ce, "Kaka, yau na ji mata na wata waƙar tiya, sun ce ta mutanen da ce." Ya ce ta rera masa. Sun sauya kalma ɗaya, sun ƙara 'ya'yan da bai taɓa ji ba, amma karin na nan yadda kalangu ya faɗe shi shekara ashirin da ɗaya baya. Ya sa ta maimaita sau biyu, ya gyara mata saukar murya a kan "ƙiba", bai gaya mata ta wace ce ba.

Kalangun na rataye a ɗakinsa, a jikin ƙusa nesa da bango saboda gara, cikin jakar ƙyalle saboda ɓera na son tsarkiya. An sassauta masa ɗauri, don kalangun da aka ajiye a matse kambunsa ke lanƙwashewa. Samfarar baki ɗaya ta tsage tun bara. Mun yi magana da wani dattijo cikin rundawa ya ajiye mana fatar tayi in an samu, amma ba za a rufe shi ba sai damina ta ɗauke, iska ta bushe. Yaron da zai rufe shi yana kan kuntuku, saura masa shekara guda.